Ina Cingam Yake Zuwa Idan An Haɗiye Shi?

Da wuya a sami yaron da ya tashi a ƙasar Hausa bai ji wannan gargaɗi ba: kada ka kuskura ka haɗiye cingam, zai manne maka a hanji. Wasu iyayen kan ƙara wa miyar gishiri, su ce naɗe hanjin zai yi, har sai an kai mutum asibiti an yi masa aiki. A Amurka da Ingila kuwa har wa'adi aka yanka wa abin, ana cewa cingam ɗin da aka haɗiye sai ya shekara 7 a ciki kafin ya fita. Zancen ya bi baki da baki har ya zauna daram, ta yadda babba ma yakan ji gabansa ya faɗi idan cingam ya kuɓuce masa ya wuce maƙogwaro.

Akwai gaskiya guda a cikin maganar: jikin ɗan Adam ba ya iya narkar da danƙon cingam. Daga wannan gaskiyar ce aka yi tsalle aka ce tunda bai narke ba, to zama zai yi. A nan lissafin ya karkace, domin hanji ba ya jiran abu ya narke kafin ya tura shi gaba. Cingam ɗin da aka haɗiye bisa kuskure yakan fita tare da bayan gida cikin kwana ɗaya zuwa uku. Duk da haka, likitoci sun rubuta labarin yaran da cingam ya toshe wa ciki da gaske, saboda haka tsoron iyaye bai rasa tushe gaba ɗaya ba.

Abin da ake taunawa

Kalmar cingam aro ce daga Turanci, ma'anarta danƙon taunawa. Abin da ke cikin takardar cingam kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne mai narkewa a miyau: sukari ko madadinsa, da ɗanɗano irin na na'a-na'a ko ayaba, da launi, da wani mai da ake kira gilisarin wanda ke hana shi bushewa. Kashi na biyu shi ne danƙon, wato abin da ke saura a baki bayan zaƙi ya ƙare. A yawancin cingam danƙon bai kai rabin nauyin ba, sau da yawa wajen rubu'i ne. Duk gardamar da ake yi a kan wannan ɗan ragowar ce.

Tauna danƙo tsohuwar ɗabi'a ce. A tsibirin Lolland na ƙasar Denmak an tono wani curin danƙon ɓawon bishiya mai shekara 5,700, da shaidar an tauna shi. A 2019 masu bincike suka sanar da cewa sun fitar da ƙwayoyin halittar wadda ta tauna shi, wata mace mai duhun fata da gashi, har suka gano alamun agwagwa a abincin da ta ci. Girkawa sun daɗe suna tauna danƙon mastaki na tsibirin Kiyos. Mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko kuma suna tatsar wani farin ruwa daga bishiyar safodila su dafa shi ya zama danƙo, suna kiransa cikil.

Cikil ɗin ne ya haifi cingam na kasuwa. Tsohon shugaban Meziko Antonio López de Santa Anna, yana zaman gudun hijira a New York a ƙarshen shekarun 1860, ya haɗa wani Ba'amurke mai suna Thomas Adams da cikil, da fatan a yi roba da shi. Robar ba ta yiwu ba, sai Adams ya juya shi zuwa abin taunawa, ya kuma yi rajistar injin sarrafa shi a 1871. William Wrigley, wanda ya fara da sayar da sabulu a Chicago a 1891, yana ba da cingam ne a matsayin gyara ga masu sayen kayansa, har ya lura gyaran ya fi hajar farin jini. A 1893 ya fito da Juicy Fruit, wanda har yau ake sayarwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanoni suka koma danƙon da ake haɗawa a masana'anta, galibi daga sinadaran da ke fitowa daga man fetur. Sunan rukuninsu polima, wato sinadarai masu siffar dogayen sarƙoƙi da ƙwayoyinsu ke maƙale da juna. Ɗaya daga cikinsu dangin robar da ake yin tiyub ɗin taya da ita ne, wani kuma dangin farin gam ɗin kafintoci. Jin haka yakan tayar wa mutum da hankali, amma waɗanda ake sa wa a cingam an tace su ne musamman domin abinci, kuma hukumomin kula da abinci na Amurka da Turai sun amince da su. Ana haɗa su da kaki da garin alli domin su yi laushi su kuma yi jiki.

Ya kamata a raba cingam da ƙaro, domin mutane kan ɗauka abu ɗaya ne. Ƙaron dakwara, wanda Sudan ke kan gaba wajen fitar da shi duniya, Chadi da Nijeriya na biye, yana narkewa a ruwa. Shi ya sa ake jiƙa shi a haɗa tawadar allo. Idan an ci shi, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a babban hanji suna iya sarrafa shi. Danƙon cingam kuwa ruwa ba ya ratsa shi, bakteriyar hanji ma ba ta da abin yi da shi. Wasu kamfanoni dai kan yi amfani da ƙaro wajen haɗa farin ɓawon nan mai tauri da ke lulluɓe ƙwayoyin cingam.

Daga baki zuwa bayan gida

Tsarin narkar da abinci doguwar hanya ce guda, mai baki a sama da mafita a ƙasa. Tana farawa da baki, sai bututun abinci da ke sauka ta ƙirji, sai tumbi, sai ƙaramin hanji mai tsawon wajen mita 6, sai babban hanji mai kimanin mita ɗaya da rabi. Ayyuka uku ake yi a wannan hanya. Akwai niƙa, wadda haƙora ke farawa tumbi ya ƙarasa da murza. Akwai jiƙa abinci da sinadarai: ruwan asid mai ƙarfi da tumbi ke fitarwa, da kuma inzayim, wato sinadaran da jiki ke ƙerawa domin su tsinka sitaci da mai da furotin zuwa ƙananan ɓangarorin da jini zai iya ɗauka. Na uku shi ne turawa: tsokar da ke zagaye da hanyar tana matsewa a bayan loma ta saki a gabanta, bi da bi, daga maƙogwaro har ƙarshe.

Cingam ya gagari aiki na farko da na biyu. Haƙori ba ya farfasa shi, ai da ma don haka aka yi shi. Asid ɗin tumbi ba ya cin roba. Kowane inzayim kuma yana da irin sarƙar da ya san tsinkawa, babu wanda aka halitta domin polima ta masana'anta. Abin da kawai ke ɗan taɓa shi shi ne maiƙo. Duk yaron da ya taɓa haɗa cingam da gyaɗa ko cakulan a baki ya ga yadda yake saki ya dagargaje, domin mai yana sassauta danƙon. Amma sassautawa ba narkewa ba ce.

Aiki na uku ne bai gagara ba. Loma takan sauka bututun abinci cikin 'yan daƙiƙoƙi. A tumbi, cingam ɗin zai yi ta juyawa tare da tuwo ko shinkafar da ya tarar. A ƙasan tumbi akwai wata ƙofa ta tsoka da ke tsuke yayin da ake narkar da abinci, ba ta barin komai ya wuce sai abin da ya zama kunu-kunu, ɓarɓashinsa bai fi milimita biyu ba. Saboda haka cingam yakan ɗan dakata a nan na sa'o'i, kuma wannan dakatawar ita ce iyakar abin da za a kira zamansa a ciki.

Idan abinci ya gama wucewa tumbi ya zama wayam, sai wani motsi na daban ya tashi. Bayan kowace sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu, tumbi yakan yi matsa mai ƙarfi a jere, ƙofar ta buɗe sosai, a kwashe duk abin da ya ƙi niƙuwa a tura shi hanji, kamar yadda masu shara ke bin rumfuna bayan kasuwa ta watse. Wani masanin Amurka, Joseph Szurszewski, ya bayyana wannan motsi a 1969 bayan nazarin hanjin karnuka. Kukan da cikin mai jin yunwa ke yi yana da alaƙa da shi. Ta wannan hanya ce ƙwallon dabino da maɓallin riga da kuɗin tsaba da yara ke haɗiyewa suke barin tumbi. A jikin babba, abin da faɗinsa bai wuce santimita biyu zuwa biyu da rabi ba yakan wuce wannan ƙofa, kuma cingam ɗin da aka gama taunawa ya fi haka ƙanƙanta, ga shi da laushi.

Daga nan tafiyar ba ta da wani labari. Ƙaramin hanji ya tsotse abin da ke da amfani a abinci ya bar cingam ya wuce. Babban hanji ya tsotse ruwa, ya haɗa shi da sauran tarkace. Da ma kullum jiki yana fitar da abubuwan da bai narkar ba: ɓawon masara, 'ya'yan gwaiba da na tumatir, zare-zaren ganye. Cingam ya shiga sahunsu ne kawai.

Me ya hana shi mannewa?

Wanda ya taɓa kankare cingam daga tafin takalmi, ko ya ga an aske wa yarinya gashi saboda shi, yana da hujjar zargin haka zai yi a ciki. Ƙasar Singafo ma ta haramta sayar da shi a 1992 saboda yadda ake liƙa shi a gine-gine da ƙofofin jirgin ƙasa har su kasa rufuwa, sai a 2004 ta sassauta ga irin wanda ake amfani da shi don magani. To amma takalmi da gashi da ƙofar jirgi duk busassu ne. Danƙon cingam yana kama busasshen wuri, yana zamewa a jiƙaƙƙe. Hujjar tana cikin bakin mai taunawa: a yi awa guda ana taunarsa, ba ya manne wa harshe ko kumatu.

Cikin hanji ya fi baki santsi. Daga tumbi har ƙarshe, bangon hanyar a shafe yake da wani ruwa mai yauƙi da jiki ke fitarwa ba dare ba rana, wanda shi ne ma ke kare tumbi daga asid ɗin kansa. Ƙari a kan haka, fatar da ke shimfiɗe a cikin hanji tana saɓulewa ta sabunta cikin 'yan kwanaki, ƙasa da mako guda. Babu bangon da zai tsaya shekara 7 yana riƙe da wani abu.

Likitocin da ke leƙa cikin mutane kullum su ne shaidu mafi kusa. Suna amfani da endoskof, wato siririn bututu mai fitila da kyamara da ake zurawa ta baki ko ta dubura. Da a ce zancen shekara 7 gaskiya ne, da sun riƙa cin karo da tsofaffin curin cingam a cikin kusan kowa. David Milov, likitan cikin yara a jihar Florida, ya shaida wa mujallar Scientific American a 2007 cewa jefi-jefi sukan ga cingam, amma galibi bai wuce na mako guda ba. Tun 2001 kuma ake amfani da wata 'yar kyamara mai siffar kafso, tsawonta ya ɗan haura santimita biyu da rabi, wadda majiyyaci ke haɗiyewa ta ɗauki hoton hanjinsa. Ta fi cingam girma da tauri, ba ta narkewa ko kaɗan, amma ga mafi yawan mutane takan fita cikin kwana ɗaya ko biyu.

Akwai ma wani gwaji mai ban dariya da aka wallafa a 2018. Ma'aikatan lafiyar yara shida daga Ostareliya da Birtaniya suka haɗiye kan 'yar tsanar roba ta Lego, kowa ya riƙa binciken bayan gidansa. Matsakaicin lokacin fitowar bai kai kwana biyu ba. Ɗaya daga cikinsu dai bai ga nasa ba duk da ya yi makonni biyu yana nema, abin da ya fi kama da kuskuren ido.

Ledar da mahauta ke gani

A Arewa akwai wani abin da ke ƙara wa tsoron ƙarfi. Mahauta a birane kan farke tumbin saniya ko akuya su tarar da tulin leda a cure, wani lokaci mai nauyin kilo da yawa, kuma likitocin dabbobi a jami'o'in yankin sun yi rubuce-rubuce a kan matsalar. Mai ganin haka zai ce, to ai cingam ma roba ne.

Bambancin yana cikin ƙirar cikin. Dabbobi masu tuƙa cikinsu ɗaki huɗu ne. Na farkon babban rumbu ne, a saniya yana ɗaukar fiye da lita 100, kuma an tsara shi ne domin ya riƙe ciyawa ta daɗe tana jiƙa, ba ya sakin komai gaba sai abin da ya yi laushi ƙwarai. Leda mai faɗi idan ta shiga can sai ta harɗe da 'yan'uwanta ta rasa hanyar fita. Tumbin mutum ɗaki ɗaya ne, yana kuma share kansa sau da yawa a yini. Darasin da ke cikin abin da mahauta ke gani shi ne na yawa da maimaici: akuyar da ke kiwo a bola tana cin leda ne kowace rana.

Lokutan da ya toshe da gaske

Curin da ke taruwa a cikin mutum daga abubuwan da ba sa narkewa likitoci na kiransa bezowa, kalma mai asali daga Farisanci. Wanda aka fi gani shi ne na zare-zaren 'ya'yan itace, musamman wani dangin kanya da ake ci a Japan da Koriya, sai na gashi, a jikin masu ɗabi'ar tsinkar gashinsu suna ci. Na cingam yana cikin mafi ƙaranci, har idan aka samu ɗaya akan rubuta shi a mujalla.

Rahoton da aka fi ambata shi ne wanda David Milov da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Pediatrics a 1998, kan yara uku. Na farko yaro ne ɗan shekara huɗu da rabi wanda ya shekara biyu yana fama da taurin bayan gida. Yana haɗiye cingam biyar zuwa bakwai kowace rana, kuma iyayensa ne ke ba shi a matsayin lada. Magungunan sassauta ciki suka kasa, sai da aka sa shi barci aka ciro curin ta dubura, yana jawuwa kamar alewa. Ta biyu yarinya ce sa'arsa, ita ma da cingam ake lallashinta, tana haɗiyewa da sauri domin a ƙara mata. Ta uku 'yar shekara ɗaya da rabi ce da aka kawo tana dalalar da miyau tana tari. Aka tarar da kuɗin tsaba guda huɗu a bututun abincinta, cingam ya liƙe su wuri guda.

A 2023 kuma likitoci a jihar Ohio suka ba da rahoton wani yaro ɗan shekara biyar da ya haɗiye cingam wajen 40 a rana ɗaya. Ya zo da murɗar ciki da gudawa, hoto ya nuna curi a tumbinsa, aka ciro shi ta baki.

Idan aka jera waɗannan labarai, siffarsu ɗaya ce. Dukkansu ƙananan yara ne masu ƙunƙuntar hanya. Babu wanda guda ɗaya ya haɗiye: ko dai da yawa a lokaci guda, ko kullum na tsawon lokaci, ko haɗe da wani abu mai tauri. Cingam ba ya kama bangon hanji, amma yana kama ɗan'uwansa cingam, yana kuma kama abu mai tauri kamar tsaba ko ɓawon iri. Idan ciki a cushe yake da ma, na jiya bai fita ba na yau ya iske shi, sai curi ya fara girma. A cikin manya, waɗanda ya kamata su kiyaye su ne wanda aka taɓa yi wa aikin tumbi ko hanji, da mai ciwon da ya tsuke masa hanji, da mai ciwon sukarin da ya daɗe har tumbinsa ya rage motsi.

Abin da ya narke ya fi taɓa ciki

Abin mamaki, ɓangaren cingam da ya fi damun cikin manya shi ne wanda kowa ke haɗiyewa ba tare da tunani ba, wato zaƙin da ke bin miyau. Cingam marar sukari ana zaƙaƙa shi da sobitol ko zailitol, sinadarai masu zaƙi waɗanda bakteriyar baki ba ta cika iya mayar da su asid mai cin haƙori ba. Shi ya sa likitocin haƙori ke yaba shi. Sai dai ƙaramin hanji ba ya tsotse sobitol sosai. Ragowar tana jawo ruwa cikin hanji, ta isa babban hanji bakteriya ta sarrafa ta, iska ta taru. Sakamakon shi ne kumburin ciki da tusa, idan ya yi yawa kuma gudawa.

A 2008 likitoci a birnin Berlin na Jamus suka wallafa labarin majiyyata biyu a mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ. Wata 'yar shekara 21 ta yi watanni tana gudawa da ciwon ciki har ta rame da kilo 11, an yi ta gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Daga baya aka gano tana tauna cingam marar sukari da yawan da ke ba ta giram 18 zuwa 20 na sobitol a rana. Wani mutum ɗan shekara 46 kuma ya rasa kilo 22 cikin shekara guda, yana tauna wajen 20 a rana haɗe da alewa marar sukari. Da suka daina, gudawar ta tsaya, jiki ya dawo. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗin sakin ciki a jikin kayan da irin waɗannan sinadarai suka yi yawa a ciki.

Mai yawan tauna cingam yana kuma haɗiyar iska tare da miyau, wadda ke jawo gyatsa da cikar ciki. Shi ma wannan ba ruwansa da ko an tofar da danƙon ko an haɗiye.

Wannan rabuwa tsakanin mai narkewa da marar narkewa ba baƙuwa ba ce ga malaman fiƙihu. Tun da daɗewa sun tattauna hukuncin mai azumi ya tauna danƙo, wanda a Larabci ake kira ilku, suna bambanta wanda wani abu ke rabuwa da shi ya sauka maƙoshi da wanda ba ya sakin komai. Cingam na kanti, mai sukari da ɗanɗano, yana cikin kashi na farko.

Akwai kuma cingam na magani, musamman mai nikotin da aka ƙirƙiro a Suwidin domin masu son barin taba. Shi ana ɗan tauna shi ne a ajiye a gefen kumatu, nikotin ɗin ya shiga jini ta fatar baki. Wanda ya tauna shi da sauri yana haɗiye miyau yakan sami shaƙuwa da tashin zuciya da ƙwannafi. Ga ƙaramin yaro kuwa guba ne, dole a ɓoye shi kamar kowane magani.

Inda ake saɓani

Sabuwar gardamar ita ce ta ɓarɓashin roba, wato gutsattsarin da ido ba ya gani. A watan Maris na 2025 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka gabatar da gwajin cingam iri goma, biyar na danƙon masana'anta, biyar na danƙon itace. Sun ƙirga kimanin ɓarɓashi 100 a miyau daga kowane giram, wasu har 600, mafi yawansu suna fita a mintoci takwas na farko, kuma na itacen bai fi na masana'antar tsira ba. Masu ɗaukar abin da zafi na cewa ga hujjar a daina taunawa. Masu sassauci na nuna cewa mutum ɗaya ne ya yi taunar a gwajin, kuma binciken ƙirga ya yi, bai auna illa ga lafiya ba, ga shi irin wannan ɓarɓashi yana cikin ruwan roba da ƙurar ɗaki ma. Abin lura ga batun da ake ciki shi ne ɓarɓashin yana fita ne wajen tauna, ko da an tofar da curin daga baya.

A wani ɓangaren kuma likitocin tiyata da kansu suke ba majiyyata cingam. Bayan aikin ciki, hanji yakan yi sanyi ya ƙi motsi na wasu kwanaki. Tauna tana sa jiki ya ɗauka abinci na tafe, sai ya tayar da hanjin. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen likitanci, ta duba bincike 81 a 2015 ta ga alamar hanji yana farfaɗowa da ɗan sauri, ta kuma ja hankali cewa yawancin binciken ƙanana ne masu rauni. An sami irin wannan sakamako ga matan da aka yi wa tiyatar haihuwa. Wasu asibitoci sun ɗauki dabarar saboda arha ce, wasu na ganin inda ake ba majiyyaci abinci da wuri ba ta ƙara wani abin kirki.

Saura batun tarbiyya. Wasu na ganin barazanar naɗe hanji ƙarya ce mai amfani, tunda tana hana yaro haɗiyewa. Raunin wannan ra'ayi shi ne yaron da aka tsorata yakan ɓoye idan abin ya faru, kuma ranar da ya haɗiye ya ga bai mutu ba, sai ya raina sauran gargaɗin, har da waɗanda suke na gaske.

Idan yaro ya haɗiye

Idan guda ɗaya ne ko biyu, kuma yaron yana numfashi lafiya yana wasansa, babu abin yi. Ba a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, ba a ɗura masa manja ko maganin wankin ciki. Ya ci abincinsa ya sha ruwa kamar kullum. Asibiti ake nufa idan ya haɗiye da yawa a lokaci guda, ko aka ga amai mai maimaituwa, ko ciki ya kumbura yana ciwo, ko bayan gida da tusa suka tsaya, ko yana dalalar da miyau ya kasa haɗiya.

Haɗarin cingam mafi girma ga ƙaramin yaro yana sama da tumbi ne. Idan ya ƙware, curin ya faɗa hanyar numfashi maimakon ta abinci, laushinsa yakan sa ya toshe ta ruf. Wannan ya sa likitocin yara ke ba da shawarar kada a ba yaro cingam sai ya kai wajen shekara biyar, ya fahimci abin tofarwa ne, kuma kada ya kwanta ko ya yi guje-guje da shi a baki.

Abubuwan da ba a jira da su ko kaɗan su ne ƙaramin batir mai faɗi irin na agogo da makullin mota, da maganaɗisu. Batirin idan ya tsaya a bututun abinci yana iya ƙona shi cikin sa'a biyu kacal, ko da yaron bai nuna alamar ciwo ba. Maganaɗisu biyu ko fiye kuma suna iya jawo juna daga lanƙwasa daban-daban na hanji, su matse bangon da ke tsakaninsu har ya huje. Wanda ya ga ko ya yi zargin yaro ya haɗiye ɗaya daga cikinsu, ya kai shi asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ciki nan take, ya kuma tafi da irin abin a hannu domin likita ya ga girmansa.